Wurin da Na Gyara a Bayan A-kori-kura

Shekarata tara ina aikin kago, wato tura wa 'yan kasuwa kayansu gida, a birnin Guangzhou na China, kuma babban abin da aikin ya dasa mini a ka shi ne kada in bar gurbi. In kwali ya rage ɗan fili a kusurwa, a cusa safa. In takalma ne, a cika cikinsu da caja. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, shi ya ɗauko ni daga Kano ya koya mini sana'ar. In ya buɗe kwalin da na haɗa ya ga hannunsa yana shiga, sai ya ɗago ya tambaye ni ko iska zan aika wa mutane. Da wannan idon muke kallon komai, har ɗakunan da muke kwana.

Gidana a unguwar Xiaobei yana hawa na goma sha huɗu, ɗaki ɗaya da ɗan falo. Kafin matata ta zo ban taɓa lura cewa a sito nake kwana ba. Kayan da suka makara jirgi ya tashi ya bar su, gidana. Wanda ya sayo gyale a kasuwar Guangyuan otal ɗinsa ya hana shi hawa da kwali, gidana. Kwalaye suka bi bango suka yi sama har suka cinye rabin taga. Shekara biyu matata ta yi a haka. In za ta yi girki sai ta raɓa, in za ta yi sallah sai ta ture, in ta yi sujada goshinta na dab da lambar wayar wani ɗan kasuwar Kwari da aka rubuta da baƙin alƙalami. Ba mace ce mai ƙorafi ba, ni kuma da wautata na ɗauki shirun nata a matsayin yarda.

Ranar da ta yi magana, takardar zamanta saura wata biyu ta ƙare. Na dawo da yamma na ce ta ba ni fasfonta in fara shirin sabuntawa. Tana zaune a bakin gado tana tsince shinkafa, ba ta ko ɗago ba.

"Malam, bar shi tukuna."

Na ce lafiya?

"Numfashina ba ya fita a gidan nan. Ka kai ni wuri ɗaya, ko na kwana ɗaya ne, inda zan miƙe ƙafa ban taɓa kayan wani ba. In na ga akwai irin wurin a ƙasar nan, sai a sabunta. In babu, gidanmu da tsakar gida."

Mai hankali zai ce to in kwashe kwalayen mana. Na kwashe. Kwana uku falon ya yi a share, rana ta huɗu Kawu ya aiko da buhunan jakunkunan mata, wai zuwa jibi. Na ce mata to mu je otal, ta ce otal ma akwati ne, taga ce kawai ta fi tamu wankuwa. Ashe akwai abin da ta riga ta sa a ranta. Wata 'yar China maƙwabciyarmu, wadda suke gaisawa a lifta da hannu da murmushi, ta taɓa nuna mata hotuna a waya: ita da mijinta a bakin wani dam can arewa da gari, sun buɗe bayan mota sun shimfiɗa katifa, gabansu ruwa, bayansu duwatsu. Mutanen garin nan sun ɗauki abin da zafi, duk hutu sai ka ga motoci sun nufi daji da tantuna. Abin da matata take so ke nan, ba ta nemi komai ba bayan shi.

Mota kuwa ina da ita. Tsohuwar a-kori-kura ce da nake kai kaya sito a yankin Baiyun da ita, gaba mutum biyu take ci, baya an kifa mata rumfar faiba mai taga biyu. Da Kawu ya sayi babbar mota, da bakinsa ya ce ya bar mini wannan, tawa ce. Na riƙe maganar nan da kyau, har yau ina riƙe da ita.

Na fara da kwashe abin da ke ciki: igiyoyi, sikeli, 'yar kurar tura kaya, da wani ƙaton tamfol da ya cinye kusurwa guda. Duk na kai su ofis na zube. Sannan na shiga na kwanta in ji yadda wurin yake. Duhu, zafi, warin salatif, rufin kuma kamar zai zauna mini a ƙirji. Na yunƙura zan tashi na buga kai. Na fito ina tsaki, na san akwai aiki a gabana.

Gyaran farko ɓarna na yi. Na kalli yadda wasu suke yi a waya, na sa aka yanko mini katako na ɗaga gado sama, na yi manyan durowoyi biyu a ƙarƙashi. Kwana huɗu ina fama, ina jin daɗin kaina. Da na gama na hau, sai na ga ba a iya zama, sai dai mutum ya shiga da rarrafe ya kwanta kamar an zura burodi a tanda. Na zauna a ƙasa ina kallon durowoyin nan, takaici ya kama ni. Matar ta ce kaya sun ishe ta, ni kuma na zo na gina wa kaya ɗaki na bar mata saman kanta. A ranar, da hannu da ƙafa na ɓalle katakon, har na yanke a yatsa.

Wani tsohon kafinta ɗan China a lungun bayan gidanmu shi ya sa ni a hanya. Ba na jin maganarsa sai kaɗan, shi ma haka, amma ya shiga motar ya zauna, ya dafa kansa, ya dafa rufin, ya girgiza kai. Muka sauke shimfiɗar ƙasa sosai, daidai da tudun tayoyi, yadda ƙasan zai zama bai ɗaya ba tudu ba kwari. Na sayo siririyar katifa aka yanka ta daidai wurin. Na zauna a kai da hulata, ya sa yatsu huɗu tsakanin hular da rufi, suka shiga. Ya ce, "Hao, lawban," wato ya yi, maigida.

Sauran dabarun a hankali suka zo. Na shafe cikin rumfar da farin fenti, shafi uku, nan take wurin ya yi kamar an ja bangon baya. Tsohon ya kawo wani siririn madubi mai tsawo muka kafa a bangon gaba, in ka kwanta ka ɗaga ido sai ka ga ƙofa da abin da ke bayanta sun ninku. Na cire ƙwan fitilar tsakiya da ke dukan kai, na bi gefen rufin da siririyar fitila mai kama da igiya. Na ɗaura raga a bango biyu don waya da carbi da tabarau, kada komai ya zauna a ƙasa. Na sa wa tagogin ragar sauro don a bar su a buɗe, na rataye 'yar fanka mai caji a kusurwa. Na yanko falanki guda da ake ɗorawa a kan murfin baya in an sauke shi, sai shimfiɗar ta ƙaru da kusan kamu ɗaya, ƙafarka tana waje tana shan iska. Labule kuwa ita ta ɗinka, da wani farin gyalenta mai shara-shara, ta ce mai duhu yana matse wuri. Na kafa wa kaina doka: abin da ba ya naɗuwa ba zai shiga ba, kayan girki kuma kwando ɗaya, da an isa a sauke shi ƙasa.

Abin da ya fi ba ni wahala ba sassaƙa ba ne, barin wurin haka nan ne. Sai in tsaya in ga fili tsakanin katifa da bango, hannuna ya riƙa ƙaiƙayi. A nan kula za ta zauna, can jarka biyu, saman nan a yi kanta. Sau nawa na ɗauko tef zan auna, in tuna, in mayar aljihu. Mako shida na yi ina yaƙi da abin da na shekara tara ina koyo.

Ranar da na gama na sauko da ita garejin ƙasa. Ta cire takalmi ta hau, ta zauna, ta ɗaga hannu sama, ta buɗe su gefe da gefe ba su taɓa komai ba. Sai ta kwanta ta mirgina dama, ta mirgino hagu, ta fashe da dariya. Rabona da jin irin dariyar nan tun muna Kano. Ta leƙo ta ce, "Malam, kada ka ƙara komai. Ko allura."

Na zaɓi hutun da 'yan China suke yi na tseren kwale-kwale, lokacin da aiki yake tsayawa. Na yi ta kiran wuraren zango, wasu da sun ji baƙo ne sai su ce meyo, babu, har na samu wani a bakin dam da ya ce yana karɓar baƙi in za su ba da fasfo a rubuta. Komai ya kammala, saura Asabar ta zo.

A nan na tafka wautar da har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, na faka a bakin gidan abincin da mutanenmu suke taruwa, na buɗe bayan motar don a gani. Ba wanda ya roƙe ni. Son a yaba ne kawai. Aka zagaye ta, ana masha Allah, ana leƙe. Na kalli idanunsu na ga yadda suke tafiya, daga ƙofa zuwa bangon gaba, daga ƙasa zuwa rufi, kuma na san wannan kallon domin nawa ne. Wani mutumin Maradi da muke hulɗa ya ce, "Wallahi patron, wannan sai ta ci kwali ashirin ba ta ji ba." Aka yi dariya, ni ma na yi. Wani ya tambayi ina za mu, na faɗa, har da ƙarin bayanin cewa ta hanyar Baiyun ake bi.

Asabar da hantsi ina goge gilashi a gareji, sai ga Kawu da kurar kaya, kwali huɗu a kai. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa da fara'a, ya tambayi iyali.

"An ce ta Baiyun za ku bi. Ga ɗan saƙo nan ka sauke mini a sito, ai kan hanya ce. Direban babbar motar ya tafi hutu garinsu."

Na ce, "Kawu, ai yau hutu ne, sito a rufe yake."

"Na yi magana da lawban ɗinsu, ya ce mai gadi zai karɓa. Gilashin waya ne, masu shi sun dame ni."

Kalma ɗaya ce ake nema a wurina, kuma tana bakina, ina jin ta. Amma mu haka aka raine mu. Matafiyi ba ya tafiya hannu rabbana. Tun a tashar mota a gida, wanda ya ji za ka wuce ta garinsu zai miƙo maka ƙulli, ka karɓa ba tambaya, gobe kai ma ka miƙa wa wani. A nan ƙasar mutane ma abin ya fi ƙarfi, da saƙo muke aika magani, da saƙo yaji da kuka suke iso mu. Mai ƙin karɓar saƙo sunansa ya ɓaci a Xiaobei kafin magariba. Ballantana wannan Kawu ne, wanda ya riƙe hannuna ya shigo da ni. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "To, Kawu."

Wanda ya karɓi na farko kuwa ba shi da bakin ƙin na biyu, sai a ce me wancan ya fi ni. Ban san wa ya baza labarin ba. Mutumin Maradi ya iso da kwali uku na takalma, yana ta rantsuwa ba su da nauyi. Wani Alhaji mai gyale ya aiko da biyu. Wani da ko gaisuwar kirki ba ma yi ya kawo biyu, wai leshi ne na lefen ƙaninsa. Goma sha ɗaya suka zama. Kowa da bakinsa ɗan saƙo ne, kowa kan hanya ce.

Kawu da kansa ya tuɓe babbar riga ya hau ya shirya su. Ya naɗe katifar ya tura ta saman kaya. Ya kwance madubin ya ce kada ya fashe, ya miƙo mini. Ya cusa wani ƙullin takardu a ragar da na yi don carbinta. Har yaba mini ya yi, wai farin fentin nan dabara ce, yanzu ana iya karanta rubutun kwali ba sai an haska waya ba. Ina tsaye da madubi a hannu kamar wani sakarai, bakina yana cewa sannu da aiki.

A haka ta sauko ta same mu, da kwandon girki a hannu, ta sha sabon mayafi. Ta tsaya. Ta kalli bayan motar, ta kalle ni. Sannan ta ajiye kwandon ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Kawu, ina kwana." Ya ce, "Lafiya lau 'yata, a sha iska lafiya." Da muka shiga mota kwandon a cinyarta ya zauna, don babu inda za a sa shi. Na ce mata rabin awa ce mu sauke su.

Sito a rufe yake da ƙaton kwaɗo. Mai gadin ya fito daga ɗakinsa da kofin shayi, na yi masa bayani da ɗan abin da na iya, na nuna masa kaya. Ya ce meyo. Babu makulli, babu wanda ya gaya masa komai. Na kira Kawu sau uku, a na huɗu ya ɗauka. Ya yi salati, ya ce lallai mutanen nan ba su da alƙawari, sannan ya ce, "To ka riƙe su zuwa Talata. Ka kula dai, amana ce." Na tsaya a rana ina kallon wayar. Komawa Xiaobei a cunkoson ranar hutu, a sauke, a hau da su hawa goma sha huɗu, yinin ya tafi ke nan. Ta sauke gilashi ta ce, "Mu je kawai."

Wurin ya fi hoton kyau, wannan ma wani abin haushin ne. Ruwa shimfiɗe kore shar, duwatsu lulluɓe da gora, ciyawa kamar an share. Iyalai sun kafa tantuna nesa da juna, ana gashi, ana hira ƙasa-ƙasa. Aka rubuta fasfonmu aka nuna mana gindin wata bishiya. Na buɗe baya na fara sauke kwalaye ɗaya bayan ɗaya ina jerawa a ciyawa, kowa ya juyo yana kallo. Wata mata har ta taso ta zo tana leƙe, tana tambaya me muke sayarwa. Duk faɗin wurin nan mu kaɗai muka zo shan iska da shago.

Na share cikin motar, na mayar da katifa, na kafa madubi. Kusurwar wani kwali ta kankare fentin gefe ɗaya, warin salatif ya dawo, na buɗe tagogi na kunna fanka. Muka yi azahar a kan ciyawa. Sannan ta hau ta kwanta, kanta a ciki, ƙafafunta a kan falankin nan suna kallon ruwa, labulenta yana motsi. Na juya motar tun farko yadda ba za ta ga kwalayen ba. Na haɗa shayi a ɗan risho na miƙa mata. Can ta ce, "Malam, ka ji shiru?" Na ce na ji. Ta lumshe ido. Na zauna a ƙasa na jingina da taya, na ce a raina an tsira, ta samu abin da ta nema.

Awa ɗaya da 'yan mintuna ta samu. Gab da la'asar iska ta canza, hadari ya taso daga bayan duwatsun, baƙi ƙirin. Wanda ya zauna a Guangzhou ya san ruwan wannan lokacin, ba ya sallama. Ɗigon farko a kan kwali na ji shi, tas, kuma duk ɗan kago ya san wannan ƙarar a cikin cikinsa. Na zabura na nufi inda tamfol yake zama, na tuna ni na cire shi da hannuna don wuri ya samu. Na ruga ofishin masu wurin, meyo, duk sun ba da haya. Na dawo a guje na tura kwali biyu ƙarƙashin mota, na uku ya ƙi shiga, ruwa kuma ya fara gudu a ƙasa.

Sai ga ni tsaye a bakin murfin baya, rungume da kwalin gilashin waya, ruwa yana dukan bayana. Ban ce mata ta tashi ba. Wallahi ban ce ba. Amma ban ajiye kwalin ba kuma. Ta buɗe ido ta dube ni, ta dubi abin da ke hannuna. Ta tashi zaune, ta janye falankin, ta naɗe katifar da kanta.

"Miƙo," ta ce. "Kayan mutane ne."

Ina miƙawa tana jerawa. Manya a ƙasa, masu nauyi a gaba, leshin lefe a sama inda ruwa ba zai taɓa ba, ba ta bar gurbin da hannu zai shiga ba. Kawu da kansa ba zai fi ta ba. Ban taɓa koya mata ba, zaman gidana ne ya koya mata. Wannan ya fi komai ƙona mini rai a ranar. Da na goma sha ɗaya ya shiga babu sauran wurin da za ta tsaya, ta diro cikin ruwa, muka rufe, muka shige gaba jiƙe sharkaf.

Na ce mata ruwan zai tsaya. Ta ce ko ya tsaya ciyawa ta jiƙe, a ina zan ajiye su? Mu koma tun da sauran haske.

A hanya na saki baki. Na zagi sito da mai sito, na zagi mai gadi, na zagi mutumin Maradi da takalmansa. Na ce Kawu ya ba ni mota da baki ya riƙe ta da hannu, na ce mutanenmu ba su san hakkin iyali ba, in sun ga fili ko a cikin idonka ne sai sun cusa kwali. Ina dukan sitiyari ina faɗa. Ta bar ni har na gaji, tana matse bakin mayafinta a cikin kwando. Sannan ta ce, "Kawu bai ƙwace maka komai ba. Tambayarka ya yi."

Ranar Talata na kai kayan, ko ɗaya bai jiƙe ba. Kawu ya sa mini albarka, ya tambayi yadda shan iska ya kasance, na ce lafiya lau. Ya ce motar nan fa ta gyaru, ranar Alhamis akwai wasu kaya. Na ce to. Ina jin kaina ina faɗa, kamar wani ne yake magana da bakina.

Ba mu yi faɗa da ita ba, da ma mun yi da na samu sauƙi. Na ce a ba ni wata Asabar ɗin, wannan karon ba wanda zai sani. Ta ce ba wurin ne matsalar ba, wurin ta gan shi, yana da kyau, Allah ya saka da alheri. Fasfon dai bai fito daga jakarta ba, gida za ta koma. Aure yana nan, ba abin da ya taɓa shi, ta ce in na samu hutu in zo, za ta share mini ɗaki. Ta haɗa kayanta a akwati ɗaya tak, duk da jirgi ya ba ta biyu.

Wannan ma sai da labarinsa ya zaga. Ranar tafiyar da safe muka sauko gareji muka tarar ana jiranmu. Mace za ta Kano da akwati ɗaya, kilo ashirin da wani abu zai tafi a banza, wa zai iya barci? Mai leda, mai ƙaramin kwali, mai ambulan. Kawu ne a gaba da wata jaka mai zif, ya ce 'yan kayan yara ne ta miƙa wa Hajiyarsa, direba zai zo ya karɓa a filin jirgi. Ta fara miƙa hannu.

Na ce, "A'a, Kawu. Ba za ta ɗauka ba. Ba za ta ɗauki na kowa ba."

Na tsaya ina jiran abin da na shekara tara ina tsoro. Kawu ya dube ni, ya ɗan ɗaga gira. Sai ya ce, "To, ba komai. Akwai mai tafiya jibi, sai a ba shi." Ya rataya jakarsa, ya yi mata addu'ar sauka lafiya, ya ce ta gaida mutan gida. Sauran ma kowa ya ɗauki ledarsa, ana Allah ya tsare, aka watse. Shi ke nan. Ba wanda ya yi fushi, ba abin da ya faɗo daga sama. Mutumin Maradi har ɗaga mini hannu ya yi.

Na sa akwatinta a baya, shi kaɗai a tsakiyar wurin, yana ta zamewa duk inda na karya kwana. Muka wuce cunkoson gari muka hau babban titin filin jirgin Baiyun. Sai da na tsaya a inda ake sauke matafiya na kashe mota, sannan ta juyo ta dube ni sosai. Babu fushi a fuskarta, ni da na so in ga fushin.

"Ashe kana iyawa, Malam," ta ce.

Ta fita ta zagaya baya, ta sauke akwatinta da kanta kafin in iso, ɗan sanda kuma yana ta yi mini alama in matsar da mota.